Inda Muka Kwantar da Sarjan

Ni ne na hana a kafa allon ƙarfe bisa kabarin taubashina. Na gabatar da wannan magana tun farko domin kada mai karatu ya wahalar da kansa yana neman mai laifi cikin ma'aikatan gwamnati, ko cikin malamai, ko cikin ruwan damina. Kowannensu yana da ɗan rabonsa a cikin al'amarin, amma kaso mafi girma nawa ne, kuma na wuce shekarun da mutum zai ɗaure kaya da hannunsa sa'an nan ya nemi kan wani ya ɗora masa.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina. Ya girme ni da damina biyu, amma bisa al'adar taubasantaka shi ɗan mace ne ni ɗan namiji, saboda haka bawana ne, ban kuwa taɓa bari ya manta ba. Tare muka tashi a Matameye, tare aka kama mu aka sa lakwal, makarantar boko. Ni na zauna har na zama mai koyarwa, daga bisani darakta. Shi tun daga aji uku ya tsere, ya yi noma, ya yi dako a tasha, kana ya shiga soja. Shekarunsa na kaki mafi yawansu a arewa ya yi su, can inda rairayi ya fi mutane yawa. Ya komo gida da igiyoyin sarjan a hannun riga, da kunne guda wanda ba ya ji, da wani guntun ƙarfe a cinya wanda likitoci suka ce barinsa ya fi cire shi alheri. Tun daga ranar garin ya ajiye sunansa na yanka, kowa sai Sarjan.

Ba mai ba da labarin yaƙi ba ne. In matasa suka matsa masa da tambaya, iyakarsa ya ce an je, an dawo, wasu ba su dawo ba, sai ya nemi a miƙo masa buta. Sau ɗaya tak na ga maganar soja ta motsa shi, ranar da ya komo daga Damagaram wurin jana'izar wani abokin aikinsa. Ya same ni a gindin itacen bedin ƙofar gidansa bayan la'asar, ya zauna da ƙyar yana miƙe ƙafar nan mai ciwo.

Ya ce, "Kai mai alli, yau na ga an binne mutum."

Na ce, "Da can shanya su ake yi?"

"Rufe bakinka ka ji, ɗan baƙin ciki. An lulluɓe makara da tuta. Yara suka tsaya sahu da bindigoginsu, ko ƙiftawa babu. Da liman ya gama nasa, aka busa begila, busar nan ta sallama da ake yi wa wanda ya faɗi. Ni da kunnena guda na ji ta har cikin ƙashi."

Na ce, "Bawa da tuta? Ai tabarmar kaba ma ta yi maka yawa."

Na zaci zai rama, domin bakinsa bai taɓa mutuwa a gabana ba. Sai ya hau murza gwiwa. Can ya ce, "Ba don ni kaɗai ba ne. Waɗanda muka baro can, da hannu muka tona, muka rufe, muka hau mota. Ba wanda ya busa musu komi. Ina so a busa a kaina." Ya kama hannuna, abin da bai saba yi ba. "Kai ne mai faransanci, kai ka san ƙofofin biron hukuma. Na ɗora maka."

Matarsa, Hajiya, tana daga cikin zaure ta kawo mana fura. Ta ajiye ƙwarya ta ce, "Na ji da kunnena, Malam. Ni ce shaida." Na ce na ɗauka. Na faɗe shi da sauƙi, irin sauƙin da mutum yake ɗaukar alkawarin ranar da yake ganin tana nesa.

Bayan shekara huɗu ya rasu, a tsakiyar marka, ranar kasuwa da hantsi, bayan zazzaɓi na kwana biyar. Kafin a gama ɗora ruwan wanka na buga salula zuwa ga shugaban ƴan mazan jiya na Damagaram. Dattijon ya yi salati, ya yi ta'aziyya, kana ya ce sai an kai takarda, sai babba ya sa hannu, sai an sami mota; in komi ya tafi daidai, gobe da yamma ko jibi. Na je na sami liman a ƙofar gida na ja shi gefe. Ya saurare ni har na gama, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa, ya ce, "Malam, ka fi ni sani. Gawa ba ta kwana don jiran baƙi." Ban yi masa musu ba, kuma har yau ban ga wurin musu ba. Gaskiya ya faɗa. Ga zafi, ga laima, ga Hajiya da ƴaƴanta a ciki.

Kafin la'asar muka sallace shi. Muka ɗauke shi a makarar masallacin unguwa, lulluɓe da bargon da ake lulluɓe kowa. Ana jera itace bisa ramin yayyafi ya fara, ana tura ƙasa ruwan ya kece. Muka ɗora ƙaya saboda karnuka, liman ya taƙaita addu'a, jama'a suka watse da gudu riguna bisa kai. Ni na tsaya. Akwai wata tsohuwar aduwa kusa da hanyar da muke shiga maƙabartar, na koma gindinta na ƙirga: taki goma sha bakwai gabas, uku kudu. Na sake ƙirgawa a komowa. Na tafi gida jiƙe sharkaf, ina ce wa raina alkawari bai mutu ba, jinkiri ne kawai.

Ranar sadakar uku babbar ƴarsa ta aika a kira ni cikin gida. Ungozoma ce a gidan likita, mace mai hankali, kuma ni na koya mata karatu da hannuna tana ƙarama. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ina neman izini. Ina so in sa mai walda ya yi ɗan allo na ƙarfe, a rubuta sunansa a kafa wajen kai. Tunda ka ce za ka nemo sojojin, kada su zo a rasa wurin."

Da a ce wani dattijo ne ya kawo shawarar, ina jin da na karɓa. Amma yarinyar da na riƙe wa hannu tana jan baƙi ita ce take gaya mini za a rasa wuri, alhali ni na tsaya cikin ruwa na ƙirga. Na ce mata, "Kakanki yana kwance a can, da kakan kakanki. Wa ya rubuta musu? Kabari ba kanti ba ne da za a kafa masa allo. Wurin yana cikin kaina, kuma kan nan ya riƙe sunayen ɗalibai na shekara talatin bai zubar da ko guda ba." Na ƙara da cewa malamai ba sa son a mai da maƙabarta wurin ado, wanda gaskiya ne, sai dai ba shi ne dalilina ba. Ko dutse ta roƙa a ranar, da na sami abin da zan ce.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Na zauna na rubuta takarda ta farko bayan sadakar arba'in. Amsa ta zo bayan watanni, layi huɗu: girmamawar da ake yi wa tsohon soja a wurin jana'iza ake yin ta, jana'iza kuwa ta wuce, babu abin da aka tanada bayan haka. Na karanta ta sau uku a tsaye. Na sa babbar rigata na hau taksi zuwa Damagaram.

Ba zan ba da labarin kowace tafiya ba, domin duk kamarsu ɗaya. Benci ne a baranda, da ƙofa a rufe, da wani saurayi mai ladabi da yake cewa, "Baba, a komo mako mai zuwa." Ba mugaye ba ne. Kowannensu yana da takarda a gabansa wadda ta gaya masa iyakarsa. Aka ce in ana so a sake duba maganar sai an haɗa dosiye: takardar mutuwa daga meri, wato ofishin magajin gari, takardar aure, da littafinsa na soja. Biyun farko na samo su da ƴar wahala. Littafin kuwa, da Hajiya ta buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye shi, sai muka tarar gara ta riga mu. Ta cinye rabin shafin farko, ta tafi da ƙarshen lambarsa, kuma ba tare da lambar nan ba babu wanda zai iya nemo shi cikin manyan littattafansu.

Wani tsohon kafaral na garin Icirnawa, abokin aikinsa a soja, shi ne ya fisshe mu. Na je har gidansa na same shi yana sussukar gero da jikokinsa, idanunsa sun fara dushewa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Lambar dogon nan? Ai kullum da safe in an kira tawa, tasa ce ke bi. Shekara nawa ina jin ta a bayan kunnena, shi kuma yana taka mini dunduniya." Ya miƙe tsaye, ya ƙame, ya faɗi tasa da faransancin bariki, ya faɗi ta Sarjan. Na rubuta a bayan ambulan. Aka duba a Damagaram, ta yi daidai.

Sai na rubuta takarda ta biyu, ta neman a sake duba hukunci. Mako guda na yi ina gyara ta. Na ce musu ƙa'idar da take neman kwana biyu daga mutanen da addininsu ya ba su rabin yini, ƙa'ida ce da ba mai iya cika ta sai wanda ya mutu a bakin bariki. Na ce tsofaffin sojojin da suka koma garuruwansu da ƙauyukansu ba su fi na birni ƙarancin jini ba a ranar da aka nemi jini. Na roƙa a yarda a riƙa zuwa daga baya, a tsaya bisa kabari a yi abin da ya kamata, ko bayan wata ne ko bayan shekara. Na yi alfahari da wannan takarda. Na karanta ta a majalisarmu ta ƙofar masallaci ina fassara musu da Hausa, na karanta wa ƴan mazan jiya a taronsu, har wasu suka nemi in ba su su kwafa saboda nasu mamatan.

A cikin dosiyen nan ne kuma maganar haƙƙin Hajiya na matar marigayi ta bi, kuma ita ta riga fitowa. Da na kai mata labari ta yi godiya, ta sa albarka, sa'an nan ta ce, "Amma ba wannan na shaida ba, Malam." Na ce ina sane.

A shekarar farko na ziyarci kabarin sau biyu, na ƙirga takuna, na same shi. A ta biyu yanar ido ta rufe mini gani, aka yi mini aiki, na yi watanni ba na fita rana. A cikin watannin nan ne mutanen gari suka haɗa kai suka kewaye maƙabartar da katanga, domin dabbobi da masu babura sun mai da ita hanya. An zo har gida an gaya mini, na yaba, na sa albarka. Bai faɗo mini a rai in tambayi ta ina katangar za ta bi ba.

Amsa ta zo da kaka, bayan damina ta biyu da rasuwarsa. An yarda. Za a turo ƴan sojoji da mai begila ranar Alhamis, su yi sallama bisa kabarin, su miƙa wa iyali tuta. Na tafi da takardar gidan Hajiya ina tafiya kamar saurayi. Ta sa na karanta mata da faransancin, ko da yake ba ta ji, kana na fassara. Ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Da ta buɗe ta ce a gaya wa ƴan'uwa, a daka gero, a yi wa baƙi abinci.

Ranar Talata da safe na ɗauki sandata da ƴar fartanya na nufi maƙabarta domin in share ciyawa. Na isa inda na saba shiga, na tarar da bango. Na bi shi har na zagaya kudu kafin na sami ƙofa. Da na shiga na ɗaga ido neman aduwa, babu aduwa. Katangar ta bi ta kanta, an sare ta, an tone har kututturen saboda harsashin gini, kuma bangon ya miƙe fari fat, ko'ina kamar ko'ina. Na je inda nake zaton gindinta yake na ƙirga, takuna suka kai ni kan wani kabari. Na matsa kaɗan na sake ƙirgawa, suka kai ni kan wani. Damina biyu ta kwantar da tudun kowanne, ƙayar ta ruɓe, tafasa da ƙarangiya sun bushe a kansu baki ɗaya.

Na aika aka kira mini babban masu haƙa, mutum mai ƙarancin magana wanda ya gaji aikin daga mahaifinsa. Ya zo ya tsaya yana duban wurin.

Ya ce, "Malam, daminar nan mun haƙa da yawa. Wata rana uku, wata rana huɗu, ga ruwa. Layin dai wannan ne, ba na shakka." Ya taka ya tsaya, ya sake takawa ya tsaya. "Daga nan zuwa nan. Bayan haka in na ce maka ga shi, na yi ƙarya."

Na ƙirga abin da ke tsakanin tsayuwarsa biyu. Kabari tara.

Yinin Talata da na Laraba na yi su ina bin waɗanda suka ɗauki makara. Ɗaya ya rasu. Ɗaya ya ce shi dai ruwan ya tuna. Biyu suka zo, kowanne ya nuna wurinsa da rantsuwa, tsakaninsu kabari shida. Na je wa liman, na gaya masa gaskiya, wurin ya ɓace mini. Ya ce Wanda ya karɓi ransa bai ɓatar da wurinsa ba, addu'a kuma ba ta bukatar jagora. Ya ce in sojoji sun zo in gaya musu gaskiya, su tsaya a bakin layin su yi abin da za su yi. Na ce haka zan yi. Na shirya maganar da Hausa, na shirya ta da faransanci. Hajiya da ƴarta kuwa ban je musu ba. Na ce wa raina kada in ɓata musu shiri.

Alhamis da hantsi motar ta iso. Wani ajidan ne ya jagorance su, saurayi da bai kai ɗan autana ba, da ƴan sojoji, da mai begila. Ƴan mazan jiya sun zo daga Kance da Ɗan Barto da ƙauyuka, sun maƙala lambobinsu bisa manyan riguna, kafaral na Icirnawa yana cikinsu ana riƙe da hannunsa. Unguwa ta fito. Na ga mutanen majalisarmu, na ga waɗanda suka kwafi takardata, na ga magidanta masu furfura waɗanda na yi wa bulala a aji saboda sun ce sun sani alhali ba su sani ba.

Muka shiga, muka isa layin. Ajidan ya ƙame a gabana ya sara mini, ya ce, "Baba, ina ne?"

Maganar da na shirya tana bakina. Na dubi jama'a, dukansu ni suke duba. Sai na ga sandata ta ɗaga ta nuna na biyar, na tsakiya. Na tuna abin da na gaya wa raina a lokacin: na tsakiya ya fi kowanne kusa da sauran, in an yi kuskure ba a yi da nisa ba. Lissafi ne irin na mai alli. Liman ya dubi ƙasa, bai ɗago ba har aka gama.

Suka shimfiɗa tutar. Suka tsaya sahu. Ajidan ya kira sunan Sarjan da lambarsa da ƙarfi, tsofaffin nan suka ƙame iyakar abin da ƙashinsu ya yarda, kafaral ya fizge hannunsa daga mai riƙe da shi ya sara. Mai begila ya busa. Ban taɓa jin ta kusa haka ba. Doguwa ce, a hankali take tafiya, tana hawa tana sauka kamar mai kiran wanda ya yi nisa. Mutane suna share hawaye. Ni kuwa idona yana kan tutar, domin na ga ta rufe kabarin har ta yi saura ta kai da ta ƙafa, gefenta yana kwance bisa ƙasa.

Suka naɗe ta, ajidan ya ɗora mini bisa hannu biyu, domin ɗan Sarjan namiji yana ƙasar waje wurin nema. Ya ce takardata ta yi amfani, akwai wasu garuruwan da za su je bayan namu. Jama'a suka yi ta ba ni hannu. Wani ya ce, "Malam, ka cika alkawari, Allah ya ba mu masu riƙe mana amana irinka." Na ce amin.

Babban masu haƙa ya jira har wurin ya yi sauƙi, ya matso kusa kamar zai gyara ƙaya. Bai dube ni ba ya ce, "Malam, na tsakiyar nan gajere ne. Mace ce, ko wanda bai gama girma ba. Sarjan kuwa sai da muka ƙara tsawon ramin." Ya gyara ƙayar. "Ban gaya wa kowa ba. Ba kuma zan faɗa ba."

Na ɗauki tutar na nufi gidan. Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon tuwo. Hajiya tana zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakinta, ƴarta a gefe. Na durƙusa iyakar yadda gwiwata ta bari, na miƙa mata. Ta karɓa ta ɗora a cinya, ta shafa ta da tafin hannu.

Ta ce, "Na ji busar daga nan, Malam. Iska ta kawo ta. A wurinsa aka yi?"

Mata suka juyo suna jiran amsa. Na ce, "Hajiya, a sallami baƙi tukuna, zan komo." Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta ce to.

Bayan la'asar na koma. Muka zauna a zaure mu uku, ni da ita da ƴarta. Na faɗa musu duka: aduwa, da katanga, da kabari tara, da abin da liman ya ce in yi, da abin da na yi, da abin da mai haƙa ya gaya mini. Ban rage ba, ban kuma nemi uzuri ba. Na juya ga ƴar na ce ita ce mai gaskiya tun ranar sadakar uku. Na so ta yi magana, ko da mai zafi ce. Ita kuwa tana ta kallon yatsun ƙafarta.

Hajiya ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun Talata."

"Talata," in ji ta. A waje na ji kiran tumaki ana shigo da su. Na ce in ta yarda zan rubuta wa hukuma in gaya musu abin da ya faru. Ta ce, "Ka rubuta ka ce su komo ina?" 

Can ta ce, "Gobe da hantsi ka zo ka kai ni."

Na ce, "Hajiya, kin san mata ba sa shiga."

"Ban ce zan shiga ba. Ka nuna mini iyakar abin da ka sani."

Washegari muka tafi, tana dafe da kafaɗar ƴarta, ni ina gaba. Layin yana kusa da bangon gabas, na kai su ta waje ta bayan gonakin da aka girbe. Katangar ta fi ta tsawo, ta fi ni. Ba abin da ake gani sai siminti. Muka tsaya muna duban bango, ban san yadda zan yi ba, sai ƴar ta yi magana, karo na farko tun jiya. Ta ce, "Baba, ka shiga ka tsaya daidai na farko ka ɗaga sandarka. Za mu gani daga nan."

Na zagaya ta ƙofar kudu na shiga ni kaɗai. Na tsaya daidai kabarin farko, na jingina da bango, na ɗaga sanda sama. Na ji muryar ƴar ta ce sun gani. Na taka a hankali ina kiyaye inda nake sa ƙafa, na wuce takwas, na tsaya daidai na tara, na sake ɗagawa.

Daga bayan bangon na ji takalmin Hajiya yana jan ƙasa, can daga wajen na farko, yana matsowa kaɗan-kaɗan. Na ji zoben hannunta yana gogar siminti. Tana karatu ƙasa-ƙasa, tana tsayawa, tana ci gaba, ban san a kan me take tsayawa ba tunda ba ta ganin komi. Ta daɗe ƙwarai kafin ta iso daidai inda nake. Bango kaɗai ke tsakaninmu, ina jin numfashinta. Kafaɗata ta ɗauki zafi, amma ba wanda ya ce in sauke, ban sauke ba.

Da shirun ya yi yawa na kira, "Hajiya?" Ba amsa. Na sauke sandar, na zagaya ta ƙofa na fito. Na hango su sun yi nisa cikin karan gero, tana dafe da ƴarta, sun nufi gari. Na bi bayansu, ban yi ƙoƙarin cim musu ba.